Tsohuwar da ta manta ɗanta majinyaciya ce, a daina kiran ta mayya

A gidajenmu akwai wani majinyaci da ba ma lissafa shi cikin marasa lafiya. Mai zazzaɓi ana nemo masa allura, mai karaya ana kai shi wajen maɗori, mai naƙuda ana tashin unguwa da tsakar dare a samo mota. Amma tsohon da ya fara maimaita tambaya ɗaya tun hantsi har azahar, ko tsohuwar da ta ɗora tukunya ta tafi ta bar ta ta ƙone, babu mai cewa ba su da lafiya. Sai a ce tsufa ne, ko a ce gigi ya kama ta. In abin ya yi nisa, ta fara fita da dare tana surutai, sai bakin mutane ya sauya. Wasu su ce iska ce, wasu su ce an yi mata sammu, wasu kuma, Allah ya kiyashe mu, su ce maitarta ce ta tashi tana tona kanta. Ni dai ra'ayina shi ne duk mun kauce hanya. Abin da ke damun waɗannan bayin Allah cuta ce a cikin ƙwaƙwalwa. An san inda take farawa, an san yadda take tafiya, kuma kaso mai yawa nata ana iya kauce masa tun mutum yana da ƙarfinsa.

Hujjar da na fi ji a bakin masu cewa tsohuwa tana sane da abin da take yi ita ce: "Wace irin mantuwa ce wannan? Ta tuna waɗanda suka yi mata rakiya ranar aurenta, ta karanta Fatiha babu gyara, amma a ce ta manta yanzu ta ci tuwo? Ai neman magana ne." Tambayar tana da ma'ana, kuma amsarta tana cikin yadda Allah ya tsara ƙwaƙwalwa. Tunawa iri-iri ce, kowane iri da sashen da ke ɗauke da shi, don haka cuta tana iya cinye wani sashe ta bar wani lafiya lau.

Wanda duniya ta fara fahimtar haka a kansa wani Ba'amurke ne mai suna Henry Molaison. Farfaɗiya ta hana shi sakat tun yana saurayi, har ta hana shi aiki. A 1953, yana da shekara 27, wani likitan tiyata mai suna William Scoville ya buɗe kansa ya cire wani yanki daga can cikin ƙwaƙwalwa, hagu da dama, daidai saitin kunnuwa. A cikin abin da aka cire akwai mafi yawan wani ɗan lanƙwasasshen sashe da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wanda likitoci ke kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar Molaison bai sake ajiye wani sabon al'amari a ransa ba. Hankalinsa yana nan, maganarsa daidai, ladabinsa bai ragu ba, yana tuna unguwar da ya tashi da labaran ƙuruciyarsa. Sai dai in ka gaisa da shi ka fita ka dawo bayan ɗan lokaci, baƙo ne kai a wurinsa. Haka ya rayu shekara 55, har ya rasu a 2008.

Wata masaniya daga Kanada, Brenda Milner, ta yi shekaru tana zuwa wurinsa, kuma kowane zuwa sai ta sake faɗa masa ko ita wace ce. Ta lura cewa in aka ba shi lamba yana iya riƙe ta matuƙar yana nanata ta a zuci, amma da zarar an ɗauke masa hankali ta tafi. Sannan ta ba shi wani aiki mai wuya: ya bi zanen tauraro da fensir alhali ba ya ganin hannunsa sai ta cikin madubi. Kowa yakan yi ta kuskure da farko. Molaison ya yi ta yi har kwana uku, kullum hannunsa yana ƙara ƙwarewa, amma duk safiya sai ya ce bai taɓa ganin wannan aiki ba. Hannu ya koya, mai hannun bai san an yi ba. Wannan ne ya tabbatar wa masana cewa tuna abin da ya faru daban, iya yin abu daban.

Daga nan aka yi ta bin sawu har aka gane rabon aikin. Sashen da ke bayan goshi shi ke riƙe abin da kake amfani da shi a yanzu, kamar lambar waya da aka karanto maka kafin ka danna, ko lissafin canji a kasuwa. Shi ne kuma mai taka wa mutum burki, ya hana shi faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Hifokamfus shi ke haɗa abin da ya faru yau, da wurin da ya faru, da waɗanda ke wurin, ya ƙulla su wuri ɗaya. A hankali, musamman lokacin barci, sai a riƙa miƙa su ga ɓawon ƙwaƙwalwa na sama, inda tsofaffin labarai da ilimi ke zama a warwatse. Kusa da hifokamfus akwai wani ɗan curi, amigidala, mai kula da tsoro da ɓacin rai, shi ya sa ranar da ka yi hatsari ko ranar da aka yi maka rasuwa ba ta gogewa. Ayyukan da jiki ya saba, irin su tuƙa keke, saƙa, da motsin salla, suna hannun wasu curarrun jijiyoyi da ke can ƙasan tsakiya, tare da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. In ana son misali, ɓawon ƙwaƙwalwa rumbu ne, hifokamfus kuma jakin da ke kwaso amfani daga gona. In jakin ya mutu, hatsin bara da na bara waccan suna nan a rumbu, na bana ne zai lalace a gona.

Ta yaya abu ke zama daram a cikin kai? Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. Eric Kandel, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, ya nuna ta hanyar binciken wata dodon-koɗin teku cewa koyo na ɗan lokaci ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi ne kawai, amma in ana son abu ya daɗe sai ƙwayar ta ƙera sababbin sinadarai ta tsiro da sababbin mahaɗai. Abin da ke sa ta yin hakan shi ne maimaitawa da tazara. Alarammomin tsangaya ba su jira Kandel ba. Yaro ya biya allonsa da dare, ya kwana a kai, ya tashi da asuba ya sake biyawa, ba a wanke allo sai ya zauna, bayan an wanke kuma ga tilawa har ƙarshen rayuwa. Abin da aka bi ta kansa shekara sittin a haka ya yi saiwa a wurare da yawa, shi ya sa yake riga komai zama kuma yake bin bayan komai wajen tafiya.

Cutar da ta fi kawo gigin tsufa ta samo sunanta ne daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer. A 1901 aka kawo masa wata mata, Auguste Deter, a asibitin Farankfot. Shekarunta 51 kacal. Ta fara da zargin mijinta, tana ɓoye kaya a cikin gida ta rasa inda ta sa, tana ɓata a ɗakunan da ta saba, wani lokaci ta yi ta ihu tana cewa ana son kashe ta. Da ta rasu a 1906, likitan ya duba ƙwaƙwalwarta ta madubin ƙara girma. Ya tarar ta motse, ga wasu dunƙule-dunƙulen datti a tsakanin ƙwayoyin jijiya, ga kuma wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Har yau waɗannan biyun su ne alamar cutar Alzaima. Mai karatu ya sake duba alamomin wannan mata ya gaya mini sunan da za a ba ta da a wata unguwar tamu take.

Abin lura shi ne cutar tana farawa ne daga hifokamfus da mashigarsa. Don haka abin da ke fara tafiya shi ne na yau da na jiya, na shekara hamsin kuma ya saura. A wannan yanki ne kuma taswirar wurare take. John O'Keefe ya gano a 1971 cewa akwai ƙwayoyi a hifokamfus da ke kunnuwa idan dabba ta isa wani wuri takamaimai, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da wasu masana biyu 'yan Nowe. Wannan ne dalilin da dattijo zai fito daga masallacin da ya yi shekara arba'in yana salla a ciki ya rasa hanyar gida. Sai daga baya cutar ke bazuwa zuwa wajen kalmomi, da gane fuska, da kamun kai. Sassan da ke riƙe da ayyukan da jiki ya saba su ne na ƙarshe.

Na ga wannan jeri da idona a kan gwaggona, yayar mahaifina, Allah ya jiƙan ta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ba ta taɓa rubuta bashi ba, duk na unguwa yana kanta. Abin ya fara ne da ba da canji sau biyu, da zuba gishiri a miyar da ta riga ta sa wa. Sannan ta shiga cewa ana ɗebe mata kuɗi, kuma ba ta zargi kowa ba sai matar ɗanta, wadda ke yi mata wanka da wanki. Sai da aka zo gyaran ɗaki aka tarar da kuɗin a cikin wata langa a ƙarƙashin gado, an ƙulle su a tsumma tare da busasshen goro. Ranar da hankalin kowa ya tashi ita ce ranar da ta ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa na yanka a tsakar gida, sunan da kunya ba ta taɓa barin ta furta ba tun da ta haife shi.

Daga baya in na shiga gaishe ta sai ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, kai na gidan wa ne?" In ce, "Gwaggo, ni ne, ɗan ƙaninki." Ta ce, "Ayya, sannu da zuwa. Malam bai dawo daga kasuwa ba?" Malam kuwa ya daɗe a ƙasa. In wani yaro ya ce mata ai Malam ya rasu, sai ta fasa kuka sabo fil, kamar yanzu aka aiko, domin a wurinta yanzun aka aiko. Amma a miƙa mata tunkuza a faranti, yatsunta za su murza ƙuli-ƙuli siriri, kai ɗaya, irin wanda jikokinta ba su iya ba. In ladan ya kira salla bakinta na bin sa. Mai neman hujjar cewa tana sane zai samu a nan, alhali abin da yake gani shi ne sashen da cutar ba ta kai gare shi ba tukuna.

Zargin sata da ya kusa kashe auren ɗanta shi ma yana da bayani. Ƙwaƙwalwa ba ta son giɓi. Ko mai lafiya in yana tuna abu, harhaɗa shi yake yi daga guntaye, inda ya rasa ya cike da abin da ya fi kama da gaskiya, shi ya sa shaidu biyu masu amana ke saɓawa a kan abin da suka gani tare. Tsohuwa ta san tana da kuɗi, ta duba ba ta gani ba, kuma ɓoyewar da ta yi ba ta shiga rumbu ba sam. Abin da ya rage mata shi ne wani ya ɗauka, wanda ya fi shiga ɗakin kuma shi ne abin zargi. Ba ƙarya take yi ba, kuma rantsuwa da Alƙur'ani ba za ta gamsar da ita ba. Akwai kuma wani abin da ya kamata masu jinya su sani. Masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun nuna wa masu cutar Alzaima finafinai na ban tausayi da na ban dariya a 2014. Bayan ɗan lokaci wasunsu sun manta ma an nuna musu fim, amma baƙin cikin ko farin cikin yana nan tare da su. Wato in ka daka wa tsoho tsawa zai manta tsawar, ɓacin ran kuma ya wuni da shi bai san daga ina ya zo ba. Haka ma in ka zauna ka yi masa hira mai daɗi.

Alzaima ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan lalura, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai wadda toshewar ƙananan hanyoyin jini ke kawowa, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma ita takan sauko ne mataki-mataki: a yi wata da watanni ba canji, sai a wayi gari an ƙara raguwa. Akwai wadda mai ita ke ganin mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki ƙuru-ƙuru alhali babu kowa, yau ya tashi garau gobe ya rikice. Akwai wadda ke fara cin sashen goshi, tana kama mutum tun yana ɗan hamsin, sai a ga mai mutunci ya koma ashar da abin kunya tun kafin mantuwa ta bayyana. Da yawansu kuma rikicewar takan ƙaru ne da faɗuwar rana, lokacin da gajiya ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara kama da mutum. Likitoci a ko'ina cikin duniya sun san wannan. Mu kuwa da yake mun tashi da jin cewa magariba lokacin iskoki ne, sai mu ce ga shaida ta fito.

Nan ne abin ke zama haɗari. Tsohuwa ta farka cikin dare ba ta san inda take ba, ta fita neman gidan iyayenta da aka rushe tun tuni, wataƙila ko zane babu. Gari ya waye a same ta a bayan gidan wani, ba ta iya faɗin sunanta ba. In aka yi rashin sa'a akwai yaro marar lafiya a gidan, magana ta ƙare. A watan Yuli na 2020, a garin Kafaba da ke arewacin Gana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta a bainar jama'a bayan wata boka ta nuna ta da maita, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. A Gambaga da wasu garuruwan yankin har yau akwai matsugunan matan da aka kora daga gidajensu da irin wannan ƙazafi. Ba duk wadda aka yi wa ƙazafin ce ke da cutar ba, amma mai cutar ta fi kowa sauƙin faɗawa, domin in aka tsare ta da tambaya za ta amsa laifin da ba ta san shi ba. Mu ma nan ba mu tsira ba. Wanda bai kai ga duka ba yakan kai ga kulle ɗaki, ko ɗaure ƙafa, ko yi wa tsohuwa hayaƙi har ta shaƙe.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne magabatanmu na addini sun fi mu fahimtar wannan al'amari. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, a matsayin halin da Allah ke mayar da wasu bayinsa cikinsa bayan sun kasance masu sani. Malaman hadisi kuwa babi guda suka ware wa masu ruwayar da ƙwaƙwalwarsu ta rikice a ƙarshen rayuwa, abin da suke kira ikhtilaɗi. Sa'idu bin Abi Aruba na Basra da Aɗa'u bin Sa'ib na Kufa manyan malamai ne da hakan ta same su. Ba a ce musu mayu ba, ba a ce aljani ya shige su ba, ba a kuma zubar da ilimin da suka bayar suna da lafiya ba. Sai aka bi diddigi: wanda ya ji daga gare su kafin rikicewar a karɓa, wanda ya ji bayanta a dakata. Jariru bin Hazim kuma da 'ya'yansa suka ga alamar ta fara, sai suka killace shi daga masu neman hadisi, don kada a ɗauki kuskure daga bakinsa mutuncinsa ya zube. Malaman fiƙihu sun ce wanda hankalinsa ya gushe saboda tsufa an ɗauke masa salla da azumi, kuma cinikinsa da kyautarsa ba su ƙulluwa. Masu lallaɓawa su sa tsoho ya dangwala hannu a takardar gona su ji wannan da kyau.

Na san abin da wani zai ce: tunda ba a warkewa, me za a je yi asibiti, a kashe kuɗin da babu? Rabin maganar gaskiya ce. Har yau babu maganin da ke warkar da Alzaima. Ƙwayoyi irin su donefezil da memantin sassauci kawai suke kawowa na wani lokaci. Sabuwar allurar lekanemab da Amurka ta amince da ita a 2023 rage gudun cutar take yi kaɗan, kuma kuɗin da aka sa mata a lokacin dala 26,500 ne a shekara, abin da ba namu ba ne. Amma ba kowace rikicewa ce Alzaima ba, kuma ba mai iya rarrabewa daga zaure. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa, kuma yakan sami wasu masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metfomin. Raunin ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo yana kawo ta. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko mata yana kama da ita sosai. Tsohon da ya faɗi a banɗaki ya bugu a kai, jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, bayan makonni ya rikice, kuma ƙaramar tiyata na dawo da shi. Wanda ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko zazzaɓi, ko suga ya faɗi, kuma wannan na gaggawa ne. Ga kuma maganin barci da ake saya a kemis don tsoho ya bar mutane su huta, wanda ke ƙara dagula shi. Duk waɗannan ana maganinsu. Wanda ya ce tsufa ne ya zauna, ya hana mahaifinsa wannan dama.

Kada kuma kowa ya tsorata don ya manta inda ya ajiye makulli. Mantuwar yau da kullum ita ce sunan mutum ya ɓace maka sannan ya faɗo maka bayan an rabu. Wadda ake jin tsoro ita ce mai ƙaruwa wata bayan wata har ta taɓa harkar rayuwa: ɗan kasuwa ya kasa lissafin da ya saba, mai girki ta rasa me ke bin me, liman ya riƙa rikita raka'o'in da bai taɓa rikitawa ba, mutum ya ɓata a layinsu. Galibi na kusa ne ke fara gani, mai abin kuma yana musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke da wannan lalura a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma duk shekara ana samun kusan miliyan 10 sababbi. Wani bincike da aka yi a cikin al'umma a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsofaffi 100. Amma binciken da ya fi ba ni abin tunani shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana, inda aka kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da aka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Ɗaya daga cikin bambance-bambancen da masu binciken suka lura da su shi ne mutanen Ibadan na wancan lokaci ba su kai takwarorinsu hawan jini da ciwon suga da kitse a jini ba. Yau kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Ratar da ta kare kakanninmu muna cike ta da hannunmu, da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da lemon kwalba da zaman mota.

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, taba, giya, rashin motsa jiki, buguwar kai, raunin ji, raunin gani, kaɗaici, gurɓatacciyar iska da ƙarancin karatu tun yarinta. A fassara su zuwa rayuwarmu: ɗan acaɓa ya sa hular kwano, a cire wa tsohuwa yanar ido maimakon a ce ai ta gama ganin duniya, a sa yarinya makaranta. Kan hawan jini kuwa an gwada an gani. A ƙauyuka 326 na ƙasar Sin an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba, su riƙa auna jini suna ba da magani suna bibiya. Mutum kusan 34,000 aka bi shekara huɗu, kuma sakamakon da aka buga a 2025 ya nuna kamuwa da cutar ta ragu da kashi 15 cikin 100. Babu abin da suka yi amfani da shi wanda ƙaramin asibitin mazaɓa ba zai iya samu ba.

Nauyin jinyar kuma kowa ya san a kan wa yake. 'Ya mace ce ko matar ɗa, ita ce wanka, ita ce kwashe kashi da fitsari, ita ce rashin barci, ita ce kuma ake zagi. 'Ya'ya maza su leƙo da ledar lemo ranar Juma'a, tsohuwa ta yi musu fara'a ta minti goma, su tafi suna cewa ai Hajiya lafiyarta ƙalau, matar nan ce ba ta da haƙuri. A raba kwana, a raba kuɗin magani, a ba mai jinya hutu. A bar tsoho a ɗakin da ya saba, a bar masa fitila da dare, a ɗinka masa lambar waya a aljihun riga, a gaya wa maƙwabta da masu shago halin da ake ciki maimakon ɓoyewa. A daina yi masa jarrabawar "wane ne ni?" a gaban baƙi. In ya tambayi wanda ya rasu, a ce ya ba da labarinsa.

Hukuma ma da nata. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kuma akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, amma mutumin ƙauye bai ga ko ɗaya a ƙasa ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da asibitocin koyarwa, ba za su iya ɗaukar kowa ba, ga likitocin fannin 'yan ƙalilan ne kuma suna ta ficewa. Abin da zai yi aiki shi ne a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gajeren gwajin tunawa da harshen Hausa, a sa awon jini ya zama kyauta, a kuma hukunta duk wanda ya ɗaga hannu a kan tsohuwa da sunan maita. Limamai su ɗauki wannan a huɗuba, domin maganarsu ta fi ta likita isa cikin gida. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, kamar yadda ba su hana mai karaya zuwa ɗori.

Kai kuma mai karatu, in shekarunka sun kai arba'in, je ka auna jininka a wannan mako, in an ba ka magani ka riƙe shi ko ba ka jin ciwon komai. In kuma akwai tsoho a gidanku da aka fara cewa ya rikice, kada a jira ya ɓata. A kai shi likita ya duba.